Shuɗin da Ba Ya Kai La'asar

Warin ne ya fara tarye ni, tun kafin idona ya saba da duhun ɗakin. Na yi tafiyar da ta raba ni da Kano da dubban kilomita, na shekara biyu a birnin Harbin na ƙasar Sin ina karatun kimiyyar haɗa sinadarai, na kuma tabbatar wa kaina cewa na rabu da wannan wari har abada. Sai ga shi yana jirana a wani ƙaramin ɗaki a ƙauyen Jiejinkou, a bakin kogin Amur, inda mutum zai tsaya a gaɓa ya hango ƙasar Rasha a tsallake. Akwai ƙarnin kifi a cikinsa, wanda namu ba shi da shi, amma a ƙarƙashin ƙarnin warin gidanmu ne: warin fatar da aka raba da nama ana ƙoƙarin hana ta ruɓewa.

Mahaifina majemi ne, haka ma mahaifinsa. Ni ne auta, kuma ni kaɗai aka sa a boko har na yi nisa. A firamare yara kan matsa gefe idan na zauna a benci, wani ya toshe hanci, sauran su bushe da dariya. Tun daga lokacin na ɗaura yaƙi da sana'ar gidanmu. Idan Baba ya ce in zo in kama masa fata, sai in ce an ba mu aikin gida. Bai taɓa tilasta mini ba. Sau ɗaya kawai na ji yana gaya wa wani abokinsa, yana murmushi, cewa an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma nasa autan da alama jirgi zai hau. Na ɗauki maganar yabo. Sai da na girma na gane ba yabo ba ce.

A ƙarshen watan Agusta na 2018 wani abokin karatuna ya gayyace ni garinsu, Tongjiang, inda kogin Songhua yake shiga Amur. Shi ya ce lallai sai na ga mutanen da ake kira Hezhe, waɗanda a tsallaken kogi, a Rasha, ake kira Nanai. Suna cikin ƙabilu mafi ƙarancin jama'a a Sin; ƙidayar 2010 ta same su dubu biyar da 'yan ɗaruruwa. Sinawan da suna yi musu laƙabi da masu fatar kifi, kuma ba da girmamawa ake faɗa ba. Da na ji haka sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, domin na san yadda sunan sana'a yake komawa zagi a bakin wanda bai san wahalarta ba.

Tsohuwar da ke ɗakin tana zaune a kan ɗan benci, gabanta wani katako mai baki biyu da haƙora kamar na kada. Takan naɗe busasshiyar fatar kifi da garin masara a ciki, ta sa a tsakanin haƙoran, ta danna na sama, ta juya naɗin, ta sake dannawa. Garin yana tsotse maiƙon, haƙoran suna karya taurin. Fatar kifin salmon ce, irin wanda yake barin teku da kaka ya hauro kogi don ya yi ƙwai. Ana feɗe shi a cire fatar ɗungurungum, a shanya ta ta bushe ƙamas kamar takarda, sannan a yi ta murza ta har ta yi laushin yadi. Riga da wando na mutum ɗaya kan ci fatun kifi kusan hamsin, kuma dole mai ɗinki ta jera su yadda zanen ɓawon wannan zai dace da na wancan, duhun baya ya haɗu da duhun baya, hasken ciki da hasken ciki.

Ban san lokacin da na miƙa hannu na ɗauki ɗaya daga cikin fatun da ta gama ba. Na ja ta ta tsawo, na ja ta ta faɗi, na ninke ta na murza ninkin da babban yatsa don in ga ko zai bar farin layi, na ɗaga ta wajen hasken taga. Da na sauke sai na ga tsohuwar ta daina aiki tana kallona.

"Yaro, wa ya koya maka riƙe fata?"

Na ce mata, "Kaka, a littafi na karanta."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce baƙi da yawa suna zuwa, malaman jami'a da masu ɗaukar hoto, duk da yatsu biyu suke ɗaukar fata kamar za ta cije su. Ba ta ƙara tambayata ba, ni ma ban gyara ƙaryar ba a ranar.

Abin da ya ja hankalina bayan haka shi ne launi. A kan teburin da ke bakin ƙofa akwai kayan da ake sayar wa masu yawon buɗe ido: ƙananan jakunkuna, hotunan da aka yanka daga fata aka manna a kwali, abin rataya mabuɗi. Ja ne jawur, kore shar, shuɗi mai ƙyalli. Wanda ya shekara biyu a ɗakin gwaji ba ya bukatar a gaya masa cewa rinin kanti ne. A bango kuwa an rataye wata tsohuwar riga, launin fatar kanta, ruwan ƙasa mai haske, a gefen wuya da bakin hannu an ɗinka wasu zane-zane masu lanƙwasa kamar gajimare. Launinsu ya koɗe, ya koma tsakanin toka da shuɗi, kamar sararin sama da hazo. Na tambaye ta da me aka rina wannan. Ta ce da fure. Na nuna teburin na ce, waɗancan fa? Ranta ya ɗan ɓaci. Ta ce mai saye yana son abin da zai kai gida ya nuna shekara goma bai canza ba, ita kuma tana da jikoki a makaranta. Na ji kunyar tambayar. Wanda ya gudu daga kwatarniyar ubansa ba shi da bakin tuhumar wadda ta zauna a kan tata sana'ar, ko da ta sauya rini.

Da za mu tafi sai ta ce in dawo gobe da sassafe, kafin rana ta ɗaga, idan da gaske nake son gani.

Na zaci daji za mu shiga. Bayan gidanta kawai muka zagaya, bakin wata kwata da ke gefen gonar masara. Ta nuna mini wani haki mai yaɗo, mai ganye kamar na ƙaramar gora, da furanni ƙanana, kowanne da kunnuwa biyu shuɗaye da wani ɗan fari a ƙasa. Na durƙusa na dube shi da kyau, sai dariya ta kama ni. Ɗan'uwan balasana ne, hakin da muke cirowa da damina mu zuba wa awaki. Masana tsirrai suna kiran wannan na gabashin Asiya Commelina communis. Furensa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya narke ya zama ɗan ɗigon ruwa a kan kara. Shi ya sa ta ce in yi sammako.

Mun fi awa ɗaya muna tsinkar kunnuwan furen, abin da muka tara bai cika tafin hannu biyu ba. Ta ɗauko wani yanki na fata mai laushi, ta ɗan jiƙa shi, ta dinga murza furen a kai da yatsa. Shuɗin da ya fito ban taɓa ganin irinsa a kan fata ba. Shunin marinar Ƙofar Mata mai nauyi ne, yana nutsewa cikin zare har ya kusa zama baƙi. Wannan kuwa a sama yake zaune, garau, kamar an ɗebo shi daga ruwa. Ya shiga cikin ƙananan aljihunan da ɓawon kifi ya bari, kowane aljihu ya riƙe nasa, gefensa ya fi tsakiyarsa duhu, har fatar ta zama kamar an saƙa ta.

A nan karatuna ya yi mini amfani, ya kuma ɓata mini rai. Na san wannan launin a takarda. A 1992 wasu masana na Japan suka bayyana yadda ƙwayarsa take: ƙwayoyin launi shida da wasu mataimaka shida, sun kewaye ƙwayoyin maganiziyom biyu, kamar mutanen da suka riƙe hannun juna suka yi da'ira. Muddin da'irar tana nan, shuɗi yana nan. Ruwa ya yi yawa, ko rana ta daɗe a kai, sai hannuwa su saki, launin ya tafi. Masu rini na Japan sun daɗe da sanin haka, har suka mai da raunin abin amfani: da ruwan wani irin wannan fure da suke nomawa suke zana ƙirar farko a kan alharini, domin sun san wanki ɗaya zai share ta bayan an gama rinin gaske.

Na tambayi tsohuwar yadda uwarta take sa shi ya zauna. Ta yi shiru tana goge yatsunta. Ta ce tana ƙarama ta ga ana yi, ba sau da yawa ba, kuma lokacin hankalinta yana wajen wasa. Ta iya feɗewa, ta iya murzawa, ta iya ɗinki, domin waɗannan sai da aka zaunar da ita aka koya mata daga baya, da hukuma ta fara neman masu sana'ar. Rinin kuwa ba wanda ya zaunar da ita a kansa. Yadin auduga ya riga ya cika kasuwa, wa zai ɓata safiya yana tsinkar fure? Ta ce akwai abin da ake yi kafin a shafa ko bayan an shafa, tana ganin hannun uwarta a idonta har yanzu, amma ba ta ganin abin da ke cikin hannun.

A 2006 gwamnatin Sin ta sa ɗinkin fatar kifi na Hezhe cikin jerin farko na al'adun gado da ƙasa za ta kare, a 2011 kuma UNESCO ta sa waƙoƙin labarinsu, Yimakan, cikin abubuwan da ke bukatar ceton gaggawa. Waɗannan matakai sun taimaka, ba na musu. Amma jeri yana kama abin da ake iya ratayewa a bango. Riga tana shiga gidan tarihi. Sanin wace safiya za a fita, da wane ruwa za a jiƙa fata, da tsawon lokacin da za a jira, wannan a hannun mutum yake zaune, kuma tare da shi ake binne shi.

Da na koma Harbin sai na shiga bin sawun abin a ɗakin karatu, na bar aikin da aka turo ni yi har malamina ya fara yi mini kallon tuhuma. Na tarar fatar kifi ta zagaye saman duniya kamar ɗamara. Nibkawa da Ulcawa na ƙasan Amur suna ɗinka riguna da ita. Ainu na tsibirin Hokkaido, waɗanda suke kiran salmon kifin alloli, suna yin takalma da ita. Yufik na Alaska suna yin safar hannu da takalma da rigar da ruwa ba ya ratsawa. A Aislan har da ita ake auna nisan hanya: a ce wannan tudu na takalmin fatar kifi kaza ne, wato adadin da za su tsinke kafin a ƙetare. Dalilin ƙarfinta kuwa a saƙarta yake, domin zaruruwan cikinta a gicciye suke kwance, wani kan wani, shi ya sa take da wuyar yagewa duk da rashin kaurinta.

Launin da ya fi yawo a wannan ɗamara ba shuɗi ba ne, ja ne mai ruwan ƙasa, kuma daga ɓawon wani itace yake fitowa da ake kira alda, mai son bakin rafi. Idan aka ɓare shi, cikin ɓawon fari ne, iska na taɓa shi sai ya fara juyawa ja a gaban idon mutum. Matan Alaska suna kankare shi su jiƙa, su shafa ruwan a fata ko su tsoma ta ciki. Samawa na arewacin Norwe da Suwidin da Finlan suna jeme fata da ɓawon wilo, jan alda kuma da shi suke zana alamomi a kan gangunansu. Abin da ya tsayar da ni shi ne ɓawon yana aiki biyu a lokaci ɗaya. Sinadarin da ke cikinsa mai ɗaure baki yana kama zaruruwan fata ya hana su ruɓewa, kuma shi ne yake ba da launin. Rinin da jimar abu ɗaya ne. Na ajiye littafin na daɗe ina kallon bango, domin bagaruwa ce aka kwatanta mini da wani suna. Ita ce na ƙi dakawa a turmin Baba. Hatta baƙin da suke samu idan ruwan ɓawo ya haɗu da ƙarfe, shi ne kulokon da dukawanmu suke zane da shi.

Sai dai akwai bambancin da bai kamata son kamance ya rufe mini ido a kansa ba. Ni da ƙafata na gudu. Su da yawansu raba su aka yi da abin. Gwamnatin Japan ta hana Ainu kamun salmon a kogunansu tun ƙarshen ƙarni na 19, ta kafa dokar 1899 da ta nemi mai da su manoma, kuma sai a 2019 doka ta amince cewa su 'yan asalin ƙasar ne. A Alaska an kwashe yara zuwa makarantun kwana inda ake hukunta mai magana da harshen uwarsa. Hezhe kuwa, a zamanin mamayar Japan an tashe su daga bakin kogi aka tura su cikin fadamu, suka mutu da yawa, har litattafan Sin suke cewa waɗanda suka rage a 1945 wajen ɗari uku ne kawai. Uwar tsohuwar nan tana cikin waɗanda suka ga wannan zamani. Idan wani sirrin rini ya faɗi a hanya, ba sakaci ne ya yar da shi ba. Nawa uzurin fa? Yara sun toshe hanci a firamare.

Wani dare na kira gida. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, jan nan na karan dafi, me kuke sa masa ya kama fata?"

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Auta, lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau, tambaya ce kawai.

Ya ce, "Kanwa ce. Amma ba a faɗar wannan a waya. Yawanta a ido yake."

Na dawo Kano a 2019. Na tarar Baba ya tsufa fiye da yadda muryarsa take nunawa. Hannunsa na dama yana rawa, ba ya iya riƙe kartaji. Yayyena duk sun bar sana'ar. Ɗaya yana sayar da kayan waya, ɗaya yana aiki a wata masana'antar fata inda ake jima da sinadarin kurom cikin kwana ɗaya. Kwatarniyoyin suna bayan gida a kife, kaji suna kwana a kansu.

Na fito da yankin fatar da tsohuwar ta ba ni. Na adana shi cikin littafi, nesa da rana, amma duk da haka shuɗin ya ja baya, ya fara komawa launin waccan rigar ta bango. Baba ya karɓa da hannun hagu. Ya ja ta tsawo, ya ja ta faɗi, ya ninke ya murza da babban yatsa, ya ɗaga wajen haske. Ya shinshina, ya ɗan taɓa da harshe.

"Kifi ne?"

Na ce kifi ne.

"Ikon Allah." Ya sake juya ta. "Mai wannan aikin ta iya hannu. Amma ba a jeme ta ba, bugu ta sha har ta yi laushi. Rinin bai sami abin kamawa ba." Ya miƙo mini. "Furen mene ne?"

Da na ce masa ɗan'uwan balasana ne, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce ashe awakinmu marina ne ba mu sani ba.

Shi ya kawo shawarar mu gwada. Washegari na je kasuwa na roƙi wani mai sayar da kifi ya bar mini fatun giwan ruwa guda huɗu, ya ba ni yana kallona kamar mai taɓin hankali. Na wanke kwatarniya ɗaya, na daka bagaruwa a turmin da na guje wa shekara ashirin, Baba yana zaune a kan buzu yana ba da umarni. Na kankare ɓawon da naman da bayan cokali. Na tafasa ruwan bagaruwar, na jira ya ɗan huce, na tsoma fatu biyu. Nan take suka nannaɗe, suka ƙanƙance, suka koma kamar ganda. Na karanta a Harbin cewa fatar kifi ba ta jure zafin da ta akuya take jurewa, na ma ja layi a ƙarƙashin jimlar, amma hannuna bai karanta ba.

Baba ya sa aka matso masa da kwatarniyar. Ya tsoma gwiwar hannunsa a ruwan, ya cire da sauri.

"Wannan ai miya ka dafa. Bar shi ya kwana."

Da safe ya sake tsoma gwiwar hannun, ya gyaɗa kai, ya ce in sa nawa in ji. Na sa. Ya ce in daɗe, kada in yi saurin cirewa, in riƙe yadda sanyin yake. Sannan muka tsoma biyun da suka rage, ya ce in dinga motsa su safe da yamma, kuma in je in nemo karan dafi tun yanzu, domin masu kawo shi kasuwa sun yi ƙaranci.